Jakar ciki ta ƙi zama, likita ya ce a sake aiki: a sabunta ta ko a koma ta waje?

Shugabar zaure:
Assalamu alaikum. Wata 'yar uwarmu da ke nan Makka ta turo min wannan saƙo, ta ce a sakaya sunanta. Wanda ya san abin ya yi magana, wanda bai sani ba ya sa ta a addu'a. Ga shi yadda ta rubuto:

"Anti, barka da war haka. Na daɗe ina son in rubuto, kunya ke hana ni. Tun ina budurwa nake fama da gyambon babban hanji, zawo da jini da majina, har magani ya gaza, likitoci suka ce sai an cire babban hanjin gaba ɗaya. Aka cire, aka naɗe ƙarshen ƙaramin hanji aka ɗinka min jaka a ciki, wadda suke kira jakar J, aka haɗa ta da dubura don in riƙa bayan gida ta hanyar da kowa ke yi. Kafin ta warke sun fito min da hanji ta gefen ciki ina manna leda, daga baya aka mayar. Shekarun farko sai godiya. Na yi aure, na haihu, na koma kan keken ɗinkina.

Daga baya abu ya fara lalacewa. Jakar ta riƙa kumburi, in sha Cipro da Flagyl ya lafa, ina gamawa ya dawo. Ƙurji ya taru a can ƙasa aka tsaga aka fitar da mugunya. Hanji ya toshe aka sake buɗe cikin. Yanzu kuma ga wanda ya fi ƙarfina: hanya ta ɓulle tsakanin jakar da gabana, iska da ƙazanta na biyowa ta inda bai kamata ba. An gwada ɗinke ta ta ƙasa, ba ta riƙe ba. Kullum a cikin ƙunzugu nake, fatar wurin ta saɓule, dare ba barci. Daga gidanmu ana jin kiran sallar Harami, amma na manta rabon da in shiga, don tsoron kada in ɓata wuri.

Likita ya ce zai sake fito min da hanji waje tukuna, wurin ya huta na wasu watanni. Bayan nan ni zan zaɓa: ko a ɗinka min sabuwar jaka, ko a cire wannan a rufe ƙasa in zauna da ledar waje har ƙarshen rayuwa. Anti, wallahi na gaji da ɗakin tiyata. Warin maganin nan da ake shafa wa ciki kawai idan na tuna sai jikina ya ɗauki rawa. Amma kuma zama da leda har abada, yaya salla, yaya maigida, yaya haihuwa? Idan akwai wanda ya bi ta wannan hanya, don girman Allah ya gaya min gaskiya, kada ya rarrashe ni."

Hajiya ta Shara Mansur:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ɗiyata, Allah ya sa kaffara ne. Ni dai shawarata kada ki yarda a sake taɓa ki da wuƙa. Ciki ba riga ba ne da za a yi ta farkewa ana ɗinkewa. Ki dage da zamzam da zuma da habbatus sauda, ki aika a sayo miki filasko wajen masu kayan gargajiya ya wanke miki dattin cikin. Babu cutar da Allah bai saukar mata da magani ba.

'Yar Jarwal:
Na karanta da hawaye. Allah ya kawo sauƙi 'yar uwa, ya ba maigidanki haƙurin tsayawa da ke.

Nas a Jidda:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kuma zamzam da addu'a babu mai hana ta. Amma filasko, don Allah a'a, ko kaɗan. Babban hanji shi ne ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki, ita kuwa ba ta da shi. Duk wani maganin wankin ciki zai iya zubar mata da ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i, daga nan sai ƙoda ta taɓu. Hanyar da ta ɓulle kuma rami ne tsakanin gaɓoɓi biyu, ƙazanta na bi ta cikinsa dare da rana, shi ya sa ba ya rufewa. Dalilin da likita ke son ya karkatar da bayan gida waje ke nan, don wurin ya bushe, kumburi ya sauka. Haka nan ki guji Brufen da Voltaren da danginsu sai da izinin likita, suna tayar da kumburin jaka.

Ƙanwata, abu ɗaya nake son ki cire a ranki: ba wani sakaci kika yi ba, kuma ba gwaji aka yi a kanki ba. Tun 1978 likitoci biyu, Parks da Nicholls, suka fito da wannan aiki a asibitin St Mark's na Landan, a 1980 kuma wani likitan Japan, Utsunomiya, ya kawo siffar J ɗin da aka yi miki. An daɗe ana bin masu ita, an san halinta. Kusan rabin waɗanda aka yi wa saboda gyambon hanji sai sun gamu da kumburin jaka ko da sau ɗaya ne, kuma kamar mutum 1 cikin 10 jakar kan ƙi zama a tsawon shekaru, sai an sabunta ta ko an cire. Kina cikin waɗannan, ba ke kaɗai ba ce.

Hajiya ta Shara Mansur:
To, ai ku ne masana. Ni tausayinta ne ya kama ni.

Baba Direba:
Ɗiyata, kin ce a gaya miki gaskiya, to ga tawa. Ni ma an yi min jakar cikin nan, ni ma ta ƙi. Lokacin da nake da ita a lalace, na san duk wani banɗaki da ke kan hanyar Jidda zuwa Makka, don ba na iya kai fasinja ba tare da na tsaya ba. Aka cire ta aka rufe ƙasa. Ba zan ɓoye miki ba, aikin babba ne, kuma mikin ƙasan ya fi na cikin wahalar da ni, ya ɗauki watanni yana tsattsafo da ruwa kafin ya haɗe, zama ma sai a gefe guda. Amma daren da na fara kwanciya bayan isha ban farka ba sai da ladan ya kira asuba, na yi kuka, matata ta zaci wani ciwon ne ya taso.

Ga yadda nake yi yanzu. Ranar canjin leda ina tashi kafin in sa komai a baki, don a lokacin ne hanjin ke shiru. In ɓare tsohuwar a hankali daga sama zuwa ƙasa ina danne fata da ɗan yatsa, in wanke da ruwa zalla, ba sabulu mai maiƙo, ba man shafawa, in bar wurin ya bushe sarai. In yanke ramin faifan, wato ɓangaren leda mai gam da ke mannewa a fata, da ɗan almakashi daidai girman hanjin, da ɗan rata kamar milimita 2, don idan ramin ya yi faɗi ruwan zai zauna a kan fata ya cinye ta. In manna, in ɗora tafin hannu a kai na ɗan lokaci ɗumi ya kama gam ɗin. Shi ke nan sai bayan kwana uku ko huɗu. Juyewa kuwa duk sanda ta kai kashi ɗaya cikin uku, ba na bari ta yi nauyi. Hanjin da ke waje ja ne jawur, ba ya jin zafi, wani lokaci ya ɗan yi jini idan an goga, ba abin tsoro ba ne. Kayan canji kullum suna tare da ni a ƙaramar jaka, amma ba na barin su a mota, zafin Jidda narkar da gam yake yi.

Na yi umra da ita a ƙarƙashin harami, na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, babu wanda ya sani. Idan da ni ne ke, cire ta zan yi in huta.

Ɗan Hindawiyya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka yi haƙuri ban yarda da ƙarshen maganarka ba. Kai ka manyanta, ka aurar da 'ya'ya. Wannan yarinya ce, rayuwa na gabanta. Ni an sabunta min tawa a Riyad kuma ga ni ina tafiya da ita. Matsalata tun farko ɗinkin da ya haɗa jakar da dubura ne ya yi yoyo, ƙurji ya zauna a bayansa yana ta ruruwa. Aka fitar min da hanji waje na wasu watanni, aka shiga aka share wurin aka ɗinka sabuwa. Ba zan ce ta kai lafiyayyen mutum ba: ina zagayawa fiye da da, da dare ina tashi, wani lokaci ina sa ɗan ƙyalle don tsaro. Amma ba na manna komai a jikina, ba na fargabar ranar da leda za ta ƙare a saidaliyya, wato kantin magani. Wanda aka cire wa jaka aka rufe ƙasa ba shi da komawa. Wanda ya gwada sabuwa ta ƙi, ledar waje na nan tana jiransa. Me ya sa za ta rufe ƙofar da ba a sake buɗewa?

Baba Direba:
Ɗana, gwajin da kake faɗa ba kyauta ba ne. Da jikinta za ta biya. Aiki ne a buɗe a fitar da hanji, aiki ne a ɗinka sabuwa, aiki ne a mayar, idan ta ƙi kuma aiki ne a cire. Ka sake karanta saƙonta, ta ce warin ɗakin ma rawar jiki yake sa ta. Kuma ɗanta ƙarami ne, shekarun da zai tashi yana ganin uwarsa a gadon asibiti su ma ba sa dawowa.

Ɗan Hindawiyya:
Haka ne Baba, amma gajiyar yau ba ita ya kamata ta yanke hukuncin shekara arba'in masu zuwa ba.

Nas a Jidda:
Ku duka biyun gaskiya kuka faɗa, bambancin yana ga dalilin da ya sa jakar kowa ta lalace. Ɗan Hindawiyya, taka matsalar ɗinki ce, irinta ce ta fi karɓar gyara, kuma a manyan cibiyoyin da suka saba da aikin mafi yawan waɗanda aka sabunta wa suna ci gaba da jakarsu. Amma ita wannan shekaru ta yi lafiya kafin hanya ta ɓulle. Idan abu ya zo a makare haka, dole a binciki ko cutar Kuron ce ta bayyana, wato ɗayar cutar kumburin hanjin da ke iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, kuma ita ce gwanar haƙa irin waɗannan hanyoyi. Idan ita ce, sabuwar jaka na iya bin sahun tsohuwa, kuma sai an haɗa da allurai masu kwantar da garkuwar jiki.

Ƙanwata, kafin ki ce e ko a'a, ki tambayi likitanki me hoton MRI na ƙugu ya nuna, me aka gani da aka leƙa jakar da na'ura, me naman da aka gutsura ya ce. Ki tambaye shi ko an auna ƙarfin tsokar da ke riƙe bayan gida, don idan ta yi rauni, ko an ɗinka miki jaka mafi kyau a duniya ba za ki iya riƙewa ba. Ki tambayi tsawon ƙaramin hanjin da ya rage miki, domin kowace sabuwar jaka daga jikinsa ake yanka ta, kuma a ƙarshensa ne jiki ke tsotsar bitamin B12. Kada ki ji nauyin tambayarsa ko ya saba yin wannan aikin na sabuntawa, ba kowane likitan hanji ke yin sa ba. Neman ra'ayi na biyu haƙƙinki ne, ki karɓi takarir ɗinki, wato rahotannin asibiti, da faifan hotuna ki kai wa wani. Akwai ma hanya ta tsakiya da wasu ke bi: a bar jakar a inda take, a karkatar da hanji waje kawai. Aikin ya fi sauƙi, sai dai majina kan riƙa fita ta ƙasa kuma ana buƙatar a riƙa leƙa jakar lokaci-lokaci.

Abin da ya fi kwantar min da hankali a tsarin likitanki shi ne ba yau za ki zaɓa ba. Watannin da za ki yi da ledar waje, jikinki zai murmure, ki yi barci, ki ci abinci, jini ya dawo. A lokacin za ki ga rayuwa da leda da idon mai lafiya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Anti Nas, likita ya taɓa ambaton cutar nan amma ban fahimci nauyinta ba sai yanzu. Baba, ledar da na sa a farkon aiki wahala na sha da ita, kullum yoyo, fatata duk ta ƙone, shi ne tsoron ya zauna min. Sai maganar alwala. Idan abu na fita ba da sanina ba, ina tsakiyar sujada ma, sallata ta yi?

Baba Direba:
Ta wucin gadin ta fi wuya ɗiyata, ni ma haka na gani. Daga can sama take fita, ruwanta ya fi yawa, kuma sau da yawa a kwance take da fata. Ta dindindin akan fito da ita da ɗan tsayi, tana zuba kai tsaye cikin leda.

Almajirin Misfala:
'Yar uwa, sallarki ta yi, kuma malamai sun yi wannan magana tun kafin a san leda. Hukuncinki hukuncin mai yoyon da ba ya iya riƙewa ne, wanda ake kira salas. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kanta, idan yoyon ya kai rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, an dai so a sabunta ta idan babu wahala. Har maganar ƙofar da aka huda a ciki ƙasa da tumbi Shaihu Halilu ya kawo a Muhtasar. A wajen Hanbalawa kuma, wadda ita ce fatawar da za ki fi ji a ƙasar nan, ki tsarkake abin da za ki iya, ki yi alwala bayan lokaci ya shiga, ki yi farilla da nafila da ita, abin da ya fita bayan nan babu komai a kanki. Sun kuma yarda mara lafiya ya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha, idan tsarki ga kowace salla na wahalar da shi.

Wannan hukunci ya shafe ki tun yanzu, ba sai an sa leda ba. Maganar shiga Harami da kika ce kin daina ta taɓa ni. A cikin Buhari, Nana A'isha ta ba da labarin ɗaya daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ta yi i'itikafi tare da shi alhali jinin ciwo na zubo mata, har akan ajiye mata tasa a ƙarƙashinta tana salla. Sharaɗin kawai kada a ɓata masallaci, kuma leda mai kyau ta fi kowane ƙunzugu tsaro ta wannan fuska. Sahabi Imrana ɗan Husaini basir ne ya dame shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Don haka makonnin farko bayan tiyata ki zauna a kujera ki yi, babu laifi. Ki kuma tuntuɓi malamin da kika amince da shi ya ji bayaninki dalla-dalla.

Wani ɗan uwa:
Kowa ya yi shiru a kan maganar maigida. A faɗi gaskiya, ba kowane namiji ne zai iya zama da mace mai leda a ciki ba. Ta yi tunanin aurenta kafin ta zaɓa.

Maman 'yan biyu, Madina:
Malam, a halin da take ciki yanzu, da ƙazanta na biyo mata ta gaba, kana ganin auren na tafiya daidai ne? Ni mai leda ce, kuma da ita na ɗauki cikin 'yan biyuna na haife su. Ƙanwata, ki saurare ni. Abin da ya gyara tsakanina da maigida shi ne ranar da na ja shi muka shiga wajen likita tare, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Daga baya na ce ya tsaya ya ga yadda nake canjawa. Ya tsaya, fuskarsa ta ɗan canja, sannan ya miƙo min auduga. Tun daga ranar abin ya daina zama sirrin da ke tsakaninmu.

Ke da kike tela ma kin fi ni sa'a. Ki ɗinka wa ledar riga da yadi mai laushi na auduga, tana hana gumi da ƙarar leda, ki kuma ɗinka ɗamara mai faɗi da aljihu a ciki wadda za ta riƙe ta a jiki. Kafin kwanciya ki juye ta, ki sa ɗamarar, shi ke nan. Ƙarƙashin abaya kuwa babu mai gane komai. Dangin miji ba dole ne kowa ya sani ba, ni uwar mijina kaɗai na gaya wa, ita ce ma ta riƙa kare ni idan an fara ƙananan maganganu a kan rashin cin abincina a taro.

Haihuwa kuma, abin da likitata ta gaya min shi ne ba ledar ke rage ta ba, yawan aiki a cikin ƙugu ne ke sa bututun mahaifa su manne. Don haka idan kina son ƙari, ki faɗa wa likitan tiyata tun yanzu, a haɗa ki da likitan mata kafin a yanke shawara.

Wani ɗan uwa:
Ban ce kowa ba Hajiya, na ce wasu. Kuma akwai su.

'Yar Jarwal:
Akwai su mana, amma wanda zai gudu don leda, zai gudu don jinya ma. Ita dai ta nemi lafiyarta.

Ɗan Gadarif:
Ina bin maganar nan daga Sudan. Ƙanena na da leda, kuma ina goyon bayan abu ɗaya da Ɗan Hindawiyya ya faɗa, wato fargabar ƙarewar kaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka daina samun abubuwa daga Hartum yadda aka saba, mun ga tashin hankali. Akwai lokacin da yake wanke leda ɗaya ya shanya ya mayar, ya ɗaure da filasta, fatarsa ta yi jajir kamar an zuba ruwan zafi. 'Yar uwa, ke kina inda kaya suke, amma ki yi lissafi: idan zaman Saudiyya ya ƙare, ko iƙama, takardar izinin zama, ta samu matsala, ko kuka koma gida, daga ina za ki riƙa samu? Ba ina hana ki ba ne. Ki sa shi cikin abin da za ki auna, ki kuma tambayi kamfanin ta'amin ɗinku, wato inshora, a rubuce ko suna biyan kuɗin leda duk wata.

Baba Direba:
Allahu akbar. Ɗan Gadarif, ka turo min girman faifan da ƙanenka ke sawa ta akwatin sirri. Ina da kwalaye da suka yi min yawa tun da hanjina ya tsuke na canja lamba, kuma ina da masu bin jirgin ruwa zuwa Sawakin.

Maman 'yan biyu, Madina:
Ni ma zan haɗa da hodar fata da zoben gam. Shugaba, ko za a buɗe mana wani zaure na masu leda kaɗai don irin wannan?

Shugabar zaure:
In sha Allahu yau da dare zan buɗe, duk mai so ya yi min magana.

Mai tambaya:
Wallahi ban san muna da yawa haka ba. Na karanta wa maigida saƙon Maman 'yan biyu, ya ce zai nemi izini a wajen aiki mu je ganin likita tare. Zuciyata har yanzu ba ta tsaya wuri ɗaya ba, wani lokaci in ji maganar Baba, wani lokaci ta Ɗan Hindawiyya. Amma na yarda da matakin farko. Sauran tambayata azumi da zafin garin nan, don wancan karon sau da yawa ana kai ni a ƙara min ruwa.

Nas a Jidda:
Wannan shi ne babban haɗarin watannin farko, musamman a Makka da zafi ke haura 45 da bazara. Ki riƙa auna abin da ledar ke fitarwa. Idan ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibar ki idan kin miƙe, kada ki jira. Abin da mutane ba su sani ba shi ne idan leda na zuba da yawa, ɗirkar ruwa zalla da shayi da lemon kwalba ƙara zubar suke yi, suna tafiya da gishirin jiki. Ruwan gishiri da sukari ake kurɓa a hankali tsawon yini. Haɗin da ake ba masu leda shi ne lita 1 ta ruwa, gulukos giram 20, gishiri giram 3.5, da hodar bikarbonat giram 2.5. Ki nuna wa likitanki kafin ki fara, shi ne kuma zai ƙayyade miki Imodium, maganin rage zawo, wanda akan sha kamar rabin sa'a kafin abinci. Tuwon shinkafa, ayaba, dankali da farin burodi na kaurara shi. Gyaɗa, masara, kwakwa, zaren lemo da ɓawon dabino kuwa suna iya toshewa, ki dakata da su da farko, daga baya kaɗan-kaɗan da tauna sosai. Idan ciki ya kumbura, ga murɗa, ga amai, leda ta yi sa'o'i babu komai, ɗawari', wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye, ko ku kira 997. Don tambaya da dare akwai layin ma'aikatar lafiya, 937.

Almajirin Misfala:
Azumi kuwa aya ta 185 a Baƙara ta ba mara lafiya damar ya sha ya rama a wasu kwanaki, ki rama da sanyi lokacin da yini ya gajarta. Idan likita amintacce ya ce ba za ki taɓa iyawa ba, sai ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Nas a Jidda:
Na manta abu ɗaya, kuma shi ne zai iya raba ki da yoyon da kika sha wancan karon. Kafin ranar aiki ki nemi a haɗa ki da nas mai kula da masu leda ta yi miki alama a inda za a fito da hanjin. Za ta duba cikin kina tsaye, kina zaune, kina sunkuye, don a kauce wa tsohon tabo da cibiya da inda fata ke naɗewa. Ki je da zanin da kika saba ɗaurawa ki nuna mata daidai inda yake zama a ƙugunki, ki yi ruku'u da sujada a gabanta ta gani, ki kuma gaya mata yini kike a zaune kan keken ɗinki. Idan suna da ledar gwaji, ki karɓa ki zuba mata ruwa kaɗan ki manna a wurin alamar ki kwana da ita, idan ta takura miki ki koma a matsar da alamar kafin a shiga da ke.